Tambayi Sista: Wa ake kira idan hankali ya gushe da tsakar dare a Legas?

Salamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: mutum ya birkice ba shiri, gida ya rikice, an rasa inda za a nufa. Na tsamo biyar daga ciki. Ga waɗanda yau suka fara leƙo wannan fili, ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, haifaffiyar Zangon Agege, shekara 26 na yi a ɗakin masu taɓin hankali kafin gwiwa ta ce ya isa haka. Ni ba likita ba ce, ba na rubuta wa kowa magani ta mujalla. Sunaye kuwa na cire su kamar kullum.

Daga wani ɗan kasuwar albasa, Mile 12

Sista, ina gaisuwa da fatan alheri. Ƙanena ɗan shekara 24 ya zo daga gida yana acaɓa, aka kama babur ɗinsa, ya koma dako a kasuwa. Makon jiya ya kwana uku bai runtsa ba, sai surutai, wai ana bin sa za a kashe shi. Daren Laraba ya ɗauki wuƙar farke buhu ya haye kan tarin albasa ya ce duk wanda ya matso zai gani. Mu shida muka danne shi muka ɗaure da igiyar buhu. Wani ya ce a kira 112, wasu suka ce 'yan sanda ne za su zo su tafi da shi, mu kuwa baƙi ne ba mu da kowa. Yanzu ana shawarar a sa shi a motar da za ta koma Arewa. Me ya kamata mu yi? Kuma da gaske ne gwamnati tana da motar da take zuwa don irin wannan?

Amsa: Ƙanena, sannunku da wannan dare. Kafin ka ƙarasa karatu, tashi ka duba hannuwansa. In igiyar tana nan a kwance ta. Igiyar buhu leda ce, mutum na fizga tana ƙara nutsewa cikin nama. Na taɓa karɓar wani yaro ɗan dako da 'yan'uwansa suka kawo bayan kwana biyu a ɗaure. Ciwon kan ya lafa cikin mako uku, amma yatsunsa biyu na dama ba su sake motsi ba har aka sallame shi. Dannewa ma ta fi ɗaurin haɗari. In aka kifa mutum rub da ciki ƙarti suka hau bayansa, numfashi ne yake ƙwacewa, kuma shirun da za ku ɗauka ya huce ne, wani lokaci shirun ajali ne. Ban ce kun yi mugunta ba, wuƙa ce a hannunsa, kun yi abin da kuka iya. Allah ne dai ya tsare.

Batun motar komawa gida ban yarda ba. Tafiyar kwana biyu ce a bayan tirela, ga rana ga ƙura, ga mutumin da yake ganin farautar sa ake yi. Duk shingen da aka tsaya, a idonsa makasan ne suka cim masa. Irin su ne suke dirowa mota tana gudu. A fara yi masa magani a nan. In ya dawo hayyacinsa sai ya tafi da takardar likita a aljihu, ya ci gaba da karɓa a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Barnawa ko Dawanau, duk wanda ya fi kusa da garinku.

Mota kuwa akwai ta. Jihar Legas tana da lambobin gaggawa biyu, 767 da 112, kyauta ne, ko babu kati a waya za su shiga. Kiran yana faɗawa cibiyar da ke Alausa a Ikeja, daga nan ake tura wanda ya dace: 'yan kwana-kwana, ko hukumar agaji ta LASEMA, ko 'yan sanda, ko motocin asibiti na LASAMBUS da suke aiki tun 2001. Sai dai zan faɗa maka abin da ba a rubutawa a allon talla. Don haɗarin mota da gobara da benen da ya rufta aka gina wannan tsari. Ciwon ƙwaƙwalwa daga baya aka raɓa shi, kamar ɗan riƙo. Shi ya sa abin da ya fara fita daga bakinka shi ne yake zaɓar wanda za a turo. In ka ce ga mahaukaci da wuƙa a kasuwa, bindiga ka kira. In ka ce ɗan'uwanka ne ba shi da lafiya, kwana uku bai yi barci ba, tsoro ya cika shi, motar asibiti kuke nema, sannan ka ƙara da cewa akwai wuƙa a hannunsa amma bai taɓa kowa ba, to magani ka kira. Kada ka ɓoye wuƙar, ma'aikatan nan ma 'ya'yan wasu ne. Ka dai san inda za ka ajiye ta a cikin zancen.

Mai kiran ya zama wanda bakinsa ya faɗa da Turanci ko buroka ko Yarbanci, kuma ya iya kwatance. "Cikin kasuwa wajen 'yan albasa" ba adireshi ba ne ga direban da bai taɓa shigowa ba. A tura yaro bakin titi ya tarbe su.

Tsoron kaki da kuka ji ban raina shi ba. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, yaranmu da yawa hular ɗan sanda kawai za su hango gabansu ya faɗi. Maganin wannan dattijo ne. Kasuwarku tana da shugabanni, unguwa tana da Sarkin Hausawa. A tashe su ko ƙarfe nawa ne, don irin wannan dare aka naɗa su. Jami'in da ya iso ya tarar da dattijo a tsaye yana cewa "ɗanmu ne, ba shi da lafiya, asibiti za mu," ba zai yi abin da zai yi in cincirindon samari ya tarar suna ihu ba.

Kuma kada ku zauna jiran mota kamar masu duban watan Sallah. Ikko ce, motar asibiti ba ta da fiffike, gosulon da ya riƙe danfo ita ma zai riƙe ta. In kun kira kuka ga shiru, ku ɗauki shatar mota. Da tsakar dare titin Ikorodu fayau yake: Ketu, Ojota, Maryland, Fadeyi, Jibowu, sai ga ku a Yaba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan, wanda 'yan gari suke yi wa laƙabi da Yaba Left, tun 1907 yake, kuma sashensa na gaggawa ba ya rufewa dare da rana. Asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja su ma suna da likitocin ƙwaƙwalwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti korar wanda aka kawo cikin gaggawa. Duk da haka ku tafi da kuɗi, kati da gwaji da allura ba da fatar baki ake samun su ba. A mota a sa shi tsakiyar kujerar baya, mutum biyu su sa shi a tsakiya, a kulle ƙofofi. Ba ya zama kusa da direba.

Abin da ya fi duk wannan shi ne sa'ar da ke tsakanin tashin ciwo da isowar taimako, don ita ba ta gwamnati ba ce, taku ce. A kore 'yan kallo. Mai ɗaukar bidiyo a ƙwace wayarsa in ta kama, don wannan yaron zai warke ya nemi aure, hoton kuwa ba ya warkewa. Mutum ɗaya ne zai yi magana, wanda yaron yake jin nauyinsa, ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a fili, murya ƙasa-ƙasa, ya riƙa kiran sunansa. Kada a ce masa ƙarya yake ba mai bin sa, kada kuma a ce e ga su can. A ce masa, "Na ga tsoro ya kama ka, ina nan, ba wanda zai taɓa ka." A miƙa ruwa ko shayi. Na ga ƙaton da ya gagari mutum biyar ya ajiye ƙarfe don kawunsa ya zauna a ƙasa ya ce, "Zo mu sha ruwa tukuna." Ba kullum hakan take ci ba, amma ita ake fara gwadawa.

In kun isa, ku faɗa wa likita gaskiya a kan abin da yake sha. Dako aiki ne mai cin jiki, na san abin da masu shayi da 'yan tebur suke sayar wa yaranmu: tiramol, wiwi, da kodin ɗin da aka hana tun 2018 amma bai ɓace ba. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma maganin wanda ƙwaya ta birkita daban yake da na wanda ciwon ya taso masa haka kawai. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da layin shawara na kyauta, 0800 1020 3040. Shugabanta Buba Marwa ne, shi ɗin dai da ya yi gwamnan soja a nan, wanda kekenmu mai ƙafa uku ya ci sunansa.

Abu na ƙarshe: taɓa jikinsa. In akwai zazzaɓi mai zafi, ko wuya ya sanƙare, ko ya yi jijjiga, ko bai san inda yake ba bai gane ku ba, to babban asibiti mafi kusa za ku fara nufa. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau da faɗuwar sukari duk suna zuwa da rigar hauka, kuma su ba sa jira.

Daga wata uwar gida, Agege

Sista, ƙanwata ta haihu, haihuwar fari. Bayan suna da kwana biyu ta daina barci, ta ƙi ba jaririn nono, wai an canza mata shi. Wani lokaci ta yi ta dariya, wani lokaci kuka. Uwar mijinta ta ce iska ce ta shige ta wajen wankan jego, an kawo mai ruƙiyya sau biyu. Mijin direban tirela ne yana hanya. Ni hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin tsohuwar.

Amsa: 'Yar'uwa, gara da hankalinki bai kwanta ba. Wannan ciwo sananne ne a wurinmu, yana kama mace 1 ko 2 cikin kowace 1,000 da suka haihu, kuma yawanci cikin mako biyun farko yake bayyana, daidai yadda kika kwatanta. Gaggawa ce kamar zubar jini, yau za a kai ta, ba sai mijin ya sauke kaya ba. Ki kira shi a waya ya ba da izini. Daga yanzu kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na shiga banɗaki ne. Ba don muguwa ba ce. Wadda ta yi imani ba ɗanta ba ne a hannunta, ba a san abin da tsoro zai sa ta yi ba, ga shi ko ga kanta.

Ku fara da asibitin da ta haihu, a auna jininta ko ya hau, a duba ko mahaifa ta kamu da ƙwayar cuta, su kuma za su haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. In a gida ta haihu, babban asibitin Orile-Agege yana kusa da ku. Jihar ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa su riƙa gane irin wannan su tura gaba, to ko can kika fara shiga ba ki yi ɓatan kai ba, ki dai ce musu maijego ce, kwana kaza ba barci.

Tsohuwa kuwa ba a yi mata gardama a kan iska, ba za ki ci ba, kuma ba shi ne aikin da ke gabanki ba. Ki durƙusa ki ce, "Inna, addu'a ba za a fasa ba, malam ya biyo mu har gadon asibiti ya yi mata tofi. Amma jikin maijego ɗanye ne, a bari likita ya auna ta." Ki tuna mata hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. A shekarun da na yi ina aiki ban taɓa hana mai karatu karatu a gefen gado ba. Abu uku na hana, kuma ke ma ki hana: duka da sunan fitar da aljani, turnuƙe ta da hayaƙi a rufaffen ɗaki, da ɗura mata jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Albishir ɗin da zan yi miki, wannan ciwo yana jin magani ƙwarai. Mafi yawansu suna warkewa sarai su rungumi 'ya'yansu. Sai dai in ta sake samun ciki a gaya wa masu awo tun farko, don yana iya dawowa.

Daga wani ɗan canji, Obalende

Hajiya, abokina an damfare shi kuɗin mutane masu yawa. Sau biyu yana ce mini shi dai gada ce ta rage masa. Shekaranjiya na ga kwalbar fiya-fiya a ƙarƙashin katifarsa. Ina tsoron in kai maganar asibiti a ɗaure shi, don na ji an ce laifi ne. Ina kuma tsoron in tambaye shi in zama na tuna masa.

Amsa: Alhaji, ka ɗauke kwalbar nan yau, ka zubar inda ba zai gani ba, kada kuma ya kwana shi kaɗai. Sannan ka zauna da shi ka tambaye shi kai tsaye, "Wane, kana tunanin kashe kanka ne?" Tambaya ba ta dasa wannan tunani a zuciyar da babu shi. Wanda yake da shi kuwa sauƙi yake ji an samu mai sauraro. Mutumin da ya furta sau biyu ƙofa yake ƙwanƙwasawa. In ya buɗe baki ka yi shiru ka ji. Hukuncin abin a addini ya san shi kamar yadda ka sani, ba wa'azin wuta yake buƙata a daren nan ba, wanda zai ce masa "bashi ne, za mu zauna da masu kuɗin tare" yake nema. Ku 'yan canji kun fi kowa sanin yadda ake sasanta irin wannan a tsakaninku, a sa manyan layi a ciki.

Abin da ka ji game da doka yana da tushe. Sashe na 327 na kundin laifuffukan da jihohin Kudu suka gada ya tanadi ɗaurin shekara 1 ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, Final Kod ta Arewa ma tana da irinsa a sashe na 231. Amma Legas ta gyara nata kundin tun 2011: abin da kotu za ta yi shi ne ta ba da umarnin a kai mutum asibiti, ba gidan yari ba. A watan Oktoban 2024 kuma gwamnatin tarayya, ta hannun ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ta kafa kwamitin da zai yi aikin cire shi daga jerin laifuffuka gaba ɗaya. Balle ma abokinka bai yi komai ba, tunani ne yake damun sa, kuma ba a kai mai tunani kotu. Likita zai gan shi kamar kowane mara lafiya.

Akwai inda za ku kira kafin ku je. Ma'aikatar lafiya ta jiha tana da layin shawara mai suna Lagos Lifeline. Akwai kuma shirin SURPIN da ya taso daga LUTH a 2017 don hana kisan kai, su har layin masu jin Hausa suka ware. Sa yaronka ya nemo maka lambobin a intanet ka adana a waya tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa ka neme shi ka rasa kuma zuciyarka ta ba ka gada ya nufa, 112 za ka kira nan take ka faɗi kamanninsa da kayan jikinsa, 'yan sandan RRS suna sintiri a gadar Third Mainland kuma sun sha riƙo mutane a bakin ƙarfe.

In ƙaddara ta sa ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Amai yana komawa huhu ya ƙara ta'azzara abin. A kwantar da shi ta gefe, a cire rigar da gubar ta jiƙa, a ruga asibiti mafi kusa da kwalbar a hannu don likita ya ga irin ta. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben fiya-fiyar da ake kira Sniper a shagunan unguwa saboda irin wannan, amma je ka kowace tasha ka ga ko za ka nema ka rasa.

Daga wani malamin Islamiyya, Idi-Araba

Sista, a fitowar da ta wuce kin ce an yi sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, har kika ce ci gaba ne. Ni ban ga abin da ya canza ba. Takarda ce kawai. Ko dai gwamnati kike yi wa talla?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, da talla nake yi da fanshona ba ya makara. Amma bari in faɗa maka dalilin da ya sa takardar nan take da daraja a idona.

Ina 'yar makarantar firamare yayana ya kamu. Mahaifinmu fataucin goro yake yi, ya ɗauke shi a jirgin ƙasa ya kai shi wani gidan mari a Arewa, don abin da aka sani ke nan. Bayan shekara biyu aka dawo da shi. Ranar na zuba masa ruwan alwala, ya naɗe ƙafar wando, na ga idon sawunsa biyu da farin zobe inda ƙarfe ya ci fata har ta daina fitar da launi. Bai ce komai ba, ya sauke wandon. Daga baya wata maƙwabciyarmu Bayarbiya ta matsa wa mahaifiyarmu aka kai shi asibiti, aka ɗora shi a kan allurar wata-wata. Ya yi aure, ya riƙe rumfar goron babanmu har ya rasu. Zoben nan ne ya kai ni aikin jinya.

A lokacin ba wanda ya karya doka, don dokar da ake da ita ta 1958 ce, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, kuma ita tsare mahaukaci ta sani, ba ta san mara lafiya mai haƙƙi ba. Da ita muka zauna har Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar a watan Janairun 2023. Ita ce ta haramta sa wa mutum mari, ta shimfiɗa ƙa'idar kwantar da wanda bai yarda ba, ta ce a kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi. Legas ma ta riga tarayya, ta yi tata a ƙarshen mulkin Akinwunmi Ambode. Ka tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa. Yau mai yin haka ba shi da inda zai fake.

Inda nake tare da kai shi ne doka ba ta tuƙa mota, ba ta yin allura. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma waɗanda muka horar Ingila da Kanada da Saudiyya suna ta kwashewa. Gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta ɗauko gina asibitin ƙwaƙwalwa mai gado 500 a Ketu-Ejinrin ta wajen Epe, ba Ketun da ke kusa da Mile 12 ba, kada wani ya je yana nema. Gini abu ne mai kyau. Amma da ni za a tambaya, abin da na fi so ba ya cin siminti ko buhu ɗaya: a zaunar da nas ɗin ƙwaƙwalwa a ɗakin amsa kira na Alausa dare da rana, a sa mai jin Hausa a kowane zubi, a koya wa ma'aikatan motar asibiti da 'yan sanda yadda ake lallashin wanda ya birkice. Amurka ta ware wa wannan lamba tata daban, 988, tun 2022. Mu ba ma sai mun je aro can ba. A Aro ta Abeokuta, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Duniya ta zo ta koya a wurinsa.

Kai ma Malam akwai naka kason. Ku ake fara kawo wa mutum kafin a tuna da mu. In ka yi addu'a ka ce "ku wuce da shi Yaba, ga ɗalibina zai raka ku," maganarka ta fi ta kwamishina shiga kunne.

Daga wata mai sayar da kunu, kusa da gadar Pen Cinema

Sista, wata mata ta kusa wata biyu tana kwana a ƙarƙashin gada kusa da inda nake sana'a. Hausa take ji, ba ta faɗa da kowa, sai magana ita kaɗai. Yara suna jifan ta. Wa zan gaya wa?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba ki lada. Ma'aikatar matasa da walwalar jama'a ta jiha ita ce take kwashe irin su daga titi, tana da cibiya a Majidun ta hanyar Ikorodu, kuma ofishin walwala na ƙaramar hukuma zai haɗa ki da su. Amma kafin nan ki gwada abu ɗaya, don wanda ya shiga can ba tare da an san danginsa ba yakan daɗe. Ki zauna kusa da ita da safe lokacin da ta fi natsuwa, ki tambaye ta sunanta da na mahaifinta da garinsu, a hankali, ko da kwana uku za ki yi kina tsinta. Abin da kika samu ki kai fadar Sarkin Hausawa da wajen shugabannin tashar motocin Arewa, direbobin nan sun fi rediyo kai cigiya. Hotonta a hannun dattawa zai tsaya, kada a watsa shi a Facebook. In kin ga ciki a jikinta, ko rauni, ko ta daina karɓar abinci, wannan ba na jira ba ne, ki kira 767. Yaran kuma ki samu iyayensu. Kunun da na tabbata kina ba ta, ki riƙa miƙa mata a kofi ɗaya kullum, a wuri ɗaya, don ta saba da fuskarki kafin ranar da za a zo ɗaukar ta.